Hannun da Ke Jan Tsirkiya

Kibiyoyin Mai Agogo sun daɗe da haɗa baki a tsakaninsu cewa hagu za su riƙa zuwa. Duk inda ya auna, sai su sauka faɗin tafi biyu daga wurin, kullum ta gefe guda. Idan ya yi musu wayo ya auna dama da da'irar don ya cike giɓin, biyu za su shiga, ta uku kuma ta tafi daidai inda ya auna ɗin, can dama, kamar tana yi masa gwalo. Shekara ɗaya da wata bakwai ke nan yana wannan fama a filin da ke bayan tsohuwar ma'ajiyar katako, inda ƙungiyar maharba ke jingine buhunan harbinta. Ya sauya tsayuwa, ya sauya tsirkiya, ya koyi sakin rabin numfashi da riƙe rabi. 'Yan ƙungiya sun gaji da ba shi shawara sun koma tsokana: da zarar ya ɗana kibiya, sai wani ya ce duk mai babur a hagu ya je ya janye abinsa.

Abin da ke gabansa kuwa bai bar masa wurin dariya ba. Ƙungiyar ba ta barin kowa ya shiga daji da baka sai ya ci gwaji: kibiya biyar daga taku ashirin da biyar, huɗu su shiga da'ira mai girman faranti. Girman farantin nan shi ne girman wurin da ake harbin gada ta faɗi nan take. Kibiyar da ta kauce masa ba ta kashewa, sai dai ta bar dabba tana jan ƙafa kwana uku kafin ta mutu a inda ba wanda zai amfana da ita. Sau ɗaya ake gwajin a shekara, gab da buɗe lokacin farauta, kuma sau biyu kacal ake ba mutum dama. Wanda ya faɗi na biyu zai ci gaba da harbin buhu har ƙarshen rayuwarsa in yana so, amma daji ya haramta ga bakansa. Bara Mai Agogo ya shigar da biyu. Bana saura mako uku.

Da girmansa ya zo wa abin, furfura ta riga ta ci rabin gemunsa. Shekara talatin ya yi a shago ɗaya mai faɗin tabarma biyu, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da batura, a sunkuye kan tebur ƙarƙashin fitila, yana tsintar 'yan kusoshin da ko ƙwayar yashi ta fi wasunsu girma. Duniyarsa duka ba ta wuce tsawon yatsa daga hancinsa ba. Wani tsohon likitan dabbobi da kowa ke kira Dakta, wanda ke kawo masa agogon aljihu duk bayan wata shida, shi ne ya ja shi daji wata rana a matsayin ɗan rakiya, ba baka ba kwari, sai gorar ruwa. A can ya ga Dakta, mutum mai tumbi da ciwon gwiwa, ya tuɓe takalmi ya ɗauki kusan awa guda yana cin taku arba'in zuwa ga wata gada da ke kiwo, yana tsayawa duk lokacin da iska ta juya. Ya ga ya ja tsirkiya har kunci, ya riƙe, ya riƙe, sannan ya sassauta a hankali ya sauke bakan bai harba ba, saboda wani siririn reshe ya gitta tsakaninsu. Gada ta tafi abinta. A hanyar dawowa Dakta bai ko ambaci maganar ba.

Mai Agogo ya gane wannan haƙurin, domin irinsa ne yake yi wa siririn sifirin na cikin agogo idan ya kama shi da matsefata. Bai taɓa sanin cewa ana iya yin sa a tsaye ba, a sarari, da ido a kan abu mai nisa. Tun ranar ya so abin, so irin na wanda ya makara, wanda ba ya jin lallashi.

Wata Talata da hantsi Dakta ya zo karɓar agogonsa, ya tarar ba a gama ba, sai ya zauna kan bencin baƙi yana jira. Yana kallo Mai Agogo ya ɗauki ɗan madubin nan mai kama da murfin kwalba ya maƙala a idon hagu, ya sunkuya. Dakta ya tambaye shi ko kullum a wannan idon yake sa shi. Mai Agogo ya ce tun yana koyon aiki. In ya sa a na dama kansa ciwo yake yi.

Dakta ya tashe shi tsaye ya kai shi bakin ƙofa. Ya sa shi ya miƙa hannuwansa biyu ya haɗa su, ya bar 'yar kafa a tsakani, ya leƙa kan fitilar titi da ke tsallaken hanya ta cikin kafar, idanu duka a buɗe. Ya ce ya rufe na dama. Fitila tana nan daram. Ya ce ya buɗe ya rufe na hagu. Fitila ta yi tsalle ta ɓuya bayan hannunsa.

Dakta ya dafe kai, ya ce laifinsu ne su duka da ba wanda ya duba tun farko. Ya yi masa bayani cewa idanun mutum biyu ne amma ɗaya ne maigida, ɗayan ɗan rakiya ne kawai. Maharbin da ke jan tsirkiya da dama, kibiyarsa ƙarƙashin idon dama take kwanciya. Shi kuwa Mai Agogo idon hagu ne ke ba da umarni daga can gefe, shi ya sa kibiya ke bin hagu, in kuma na dama ya ƙwace ragama na ɗan lokaci sai ta bi dama. Shekara ɗaya da wata bakwai idanunsa na jayayya, shi yana zargin hannu. Daga nan Dakta ya rage murya, ko da yake ba kowa a shagon sai agogunan bango.

"Mai Agogo, da wane hannu ka fara kai loma baki?"

Mai Agogo ya cire madubin ya ajiye, ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance kan tebur yana riƙe da gindin agogo, aikin da yake yi ke nan shekara talatin, riƙo, don ɗan'uwansa ya yi aiki. Yana da shekara shida aka fara ɗaure shi. Mahaifiyarsu ce ta ba da umarni, amma yayansa, wanda ya girme shi da shekara tara, shi ne mai igiya: tsumman tsohon zane, a zagaya wuyan hannun a ɗaure a ƙugu, lokacin cin abinci da lokacin rubutu. Damina biyu aka yi ana haka. Ya yi in'ina shekara guda, ta tafi da kanta. Ba wanda ya taɓa kiran abin mugunta a gidansu, shi ma bai taɓa ba; labarin dariya ne da ake bayarwa in dangi sun taru, cewa shi Auta a da bahago ne, Yaya ya gyara shi. Shi ma yakan yi dariyar tare da su. Sai yau, a bakin ƙofar shagonsa, ya gane cewa tsumman bai kai ga ido ba.

Shugaban ƙungiya tsohon ma'aikacin gandun daji ne, mutum mai tsare doka kamar shi ya haife ta. Da aka kai masa labari ranar Asabar, ya saurara da kyau, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sauya hannu aikin shekara ne, ba na kwana goma sha bakwai ba. Ya buɗe akwatin kayan ƙungiya ya fito da wani ɗan faci na baƙar fata mai igiyar roba, ya ce maganin ke nan: a rufe idon da ke taurin kai, a bar na dama ya yi aikinsa. Ya ce mutane da yawa sun ci gwaji da shi.

Mai Agogo ya ɗaura. Zagayen farko ya shigar da uku. Na biyu, huɗu. Bai taɓa shigar da huɗu ba tun da ya fara. Masu tsokana suka yi tafi, wani ya ce a mayar da babura wurinsu, an yi sulhu da hagu. Na uku ya shigar da uku, na huɗu huɗu kuma. Ya tsaya yana kallon kibiyoyin a tsakiyar buhu, yana jiran farin ciki ya zo, bai zo ba. Filin ya zama shimfiɗaɗɗe kamar hoto a bango, ba ya iya faɗin nisan buhun in ba don ya san taku nawa ne ba. Ya tambayi kansa yadda zai san nisan gada a daji, inda ba wanda ya auna masa ƙasa. Amma ya san wannan hujja ce da ya tanada don bakin mutane. Gaskiyar tana bayan ƙeyarsa, inda robar ta kama gashi ta matse. Jikinsa ya san wannan matsin. Ya san yadda ake yaba wa mutum bayan an ɗaure shi.

Ya cire facin ya naɗe igiyarsa da kyau ya ajiye a gaban Shugaba.

"Mai Agogo, huɗu fa ka ci da shi. Sau biyu."

"Na gani, Shugaba, na kuma gode. An taɓa ɗaure ni sau ɗaya. Ya isa."

Shugaba ya ce shi dai ya fita haƙƙinsa. Ranar gwaji ba ya sanin aboki, kuma kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Dakta ma bai goyi bayansa ba. Ya ja shi gefe ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa ido zai yi murna amma kafaɗa za ta yi kuka, naman da bai taɓa jan komai ba ba ya tashi cikin mako biyu, kuma da shi ne da ya ci gwajin da faci tukuna, ya sauya hannu daga baya a natse. Mai Agogo ya ce ya sani. Ya ce shekara arba'in da bakwai yana yin abin da ya fi sauƙi tukuna, daga bayan ne bai taɓa zuwa ba. Dakta ya dube shi ya girgiza kai, washegari kuma ya aiko masa da wani tsohon baka mara sassaƙa a gefe, wanda ake iya harbawa ta kowane hannu, don nasa an yanke masa mazaunin kibiya ne na masu dama.

Gidansu gidan gado ne. Yaya, wanda ya yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare amma bai yi ritaya daga gyara mutane ba, yana sashen gaba. Mai Agogo da matarsa suna na baya. Tsakanin katanga da tankin ruwa akwai wani dogon lungu mai taku goma sha biyar, a nan yake rataye buhunsa da yamma in ya taso daga shago. Yaya kan fito da kujerarsa da rediyonsa ya zauna a bakin lungun. Tun ranar farko bai so harkar ba, ya ce mutum da jikoki ya koma wasan yara, amma abin da ya fi ci masa rai daban ne: duk tsawon lokacin nan yana ganin ƙanensa na riƙe da baka a hannun hagu. Ya sha yin magana. Mai Agogo ya sha yi masa bayani cewa haka masu dama ke yi, Yaya ya ce shi ba a yi masa dogon turanci, abin da idonsa ya gani shi ne makami a hagu.

Saboda haka yammacin da Mai Agogo ya fito da bakan Dakta a hannun dama, Yaya ya rage muryar rediyo, ya gyara tabarau, fuskarsa ta washe. Ya ce alhamdu lillahi, Auta ya ji magana. Yanzu ne ya yi kama da mutum. Matar Mai Agogo tana kwashe shanya a igiya, ita kuwa ta san komai, don ita ke shafa masa man zafi. Ta cusa fuskarta cikin zanen gado, kafaɗunta na rawa don dariya. Da suka shiga ɗaki ta ce masa don Allah ya bar tsohon da farin cikinsa, ba kullum ake samun ƙarya ta zo da ƙafarta ba tare da an yi ta ba.

Kwanakin farko azaba ce zalla. Tsirkiya ta riƙa dukan dantsensa na dama har ya yi shuɗi ya koma baƙi. Yatsu uku na hagu suka yi bororo, suka fashe, ya naɗe su da filasta. Kibiyar farko ta bugi tankin ruwa, ta biyu ta tsaya a ƙasa rabin hanya. Da safe ba ya iya ɗaga hannu ya sa riga sai matarsa ta taimaka, tana cewa ita dai ta auri mai gyaran agogo, ba ta san da soja aka haɗa ta ba. A shago matsefata na rawa a hannunsa, ya mayar da aiki biyu bai taɓa ba. Amma a rana ta biyar wani abu ya faru wanda bai gaya wa kowa ba. Ya ja, ya kai kunci, ya duba, sai ya ga kibiyar da buhun a layi ɗaya, ba lissafi, ba cike giɓi, ba jayayya a cikin kansa. Yatsun suka buɗe da kansu, a tare, sumul, abin da hannunsa na dama bai taɓa iyawa ba duk da horon wata goma sha tara. Kibiyar ta sauka ƙasa da da'ira, don ƙarfi bai kai ba, amma a tsaye take daidai ƙarƙashin tsakiya. Ya daɗe yana kallon yatsun. Bai san ko godiya zai yi musu ko haƙuri zai ba su ba.

Kwana goma Yaya na yabo, Mai Agogo na haɗiyewa. A na goma sha ɗaya wani maƙwabci ya shigo gaisuwa ya tarar da su a lungun. Yaya ya nuna ƙanensa da sanda, ya ba da tsohon labarin nan na tsumma daga farko har ƙarshe, ya ƙara masa sabon babi: cewa ko da furfura sai da hagun ta so dawowa ta hanyar baka, shi kuma ya sake tsayawa har ya gyara shi. Ice, in ji shi, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai haƙuri ko busasshe yana tanƙwarawa. Maƙwabci ya yi dariya. Mai Agogo bai yi dariyar da ya saba yi ba. Ya sauke bakan.

"Yaya, hannun da ke riƙe baka ɗan aike ne, sanda ma za ta iya aikinsa. Wanda ke jan tsirkiya shi ne maharbin." Ya ɗaga yatsunsa masu filasta. "Da can ne nake harbi da dama. Yanzu da hagu nake yi."

Maƙwabci ya tuna cewa ya bar wani abu a gida, ya fita. Yaya ya kashe rediyo. Ya yi magana mai tsawo, a zaune, da muryar da yake yi wa malamai faɗa a ofis. Ya ce ba don kansa ya yi ba, uwarsu ce ta sa shi, kuma don kada a yi wa Auta dariya a makaranta, don ya iya miƙa wa manya hannu ba kunya, don ya samu mai koya masa sana'a. Ya ce shi ma yaro ne a lokacin, kuma ba daɗi yake ji ba in Auta na kuka. Ya tambaya ko yanzu so ake a ce duk abin da suka yi kuskure ne, a tono marigayiya a yi mata shari'a. Mai Agogo ya ce ba ya tuhumar kowa, da dama zai ci gaba da cin abinci da gaisawa har ya mutu. Abu ɗaya ne kawai a duniya ya zaɓa da kansa, ba gado ba, ba umarni ba, kuma wannan ɗayan da hannunsa zai yi shi.

"Za ka faɗi," in ji Yaya.

"Mai yiwuwa."

"To zan zo in gani."

Ya kuwa zo. Safiyar gwaji ya sa aka ɗauko masa kujerarsa, ya zauna bayan igiyar 'yan kallo da sandarsa a kan cinya. Mutum shida ne masu gwaji, Mai Agogo ne na ƙarshe. Shugaba ya auna takun da kansa, ya buɗe littafin ƙungiya, ya kira shi.

Ta farko ta shiga, kusa da tsakiya. Masu tsokana suka dubi juna. Ta biyu ya yi gaggawar saki, ta sauka ƙasa da da'ira. Ta uku ta shiga. Ta huɗu ta shiga, ta goga jikin ta farko har aka ji ƙarar. Saura ɗaya, kuma dole ta shiga.

Taku ashirin da biyar ba goma sha biyar na lungu ba ne. Kowace kibiya sai ya ja ta har ƙarshe ya riƙe, kuma kafaɗarsa ta hagu ta riga ta ba da duk abin da take da shi. Wuta ce ke ci daga wuyansa zuwa gwiwar hannu. Shugaba ya ga yadda yake jujjuya hannun, ya matso kusa, ya ce a hankali doka ba ta hana sauya baka a tsakiyar gwaji ba: tsohon bakansa na nan, facin na aljihu, hannun damansa kuma bai gaji ba. Kibiya ɗaya ce. Ya ce ba wanda zai ga laifinsa.

Mai Agogo ya san gaskiya ne, ya kuma san cewa da facin damarsa ta fi yawa. Ya hango dajin, da ciyawa mai raɓa, da kansa a tsaye ba takalmi. Ya ce wa Shugaba ya gode, ya ɗana kibiya ta biyar.

Ya ja. Kafin ya kai kunci hannun ya ɗauki rawa, bakin kibiya na zagaya da'irar kamar ƙuda. Ya sassauta ya sauke. Ya ja numfashi uku, ya sake ja, wannan karon ya kai, ya ga layin, yatsu suka buɗe. Kibiyar ta tafi miƙe, ba hagu ba dama, ta sauka yatsa biyu ƙarƙashin da'irar.

Shugaba ya je ya duba duk da ba abin dubawa, ya dawo ya ɗauki alƙalami. Ya ce uku. Ya ce ya yi baƙin ciki, don bai taɓa ganin wanda ya yi irin wannan nisa cikin kwana goma sha bakwai ba, amma doka doka ce, kuma tun da aka kafa ƙungiyar nan ba a gwada hannu sau uku.

Mai Agogo yana tsaye yana haki, hannun na reto a gefensa.

"Wanne hannun, Shugaba?"

Shugaba ya ɗago.

"Wanda ya faɗi bara ga shi nan," ya ɗaga dama da bakan a ciki, "kuma ban nema masa komai ba. Wannan kuwa yau ne ya fara zuwa gabanka."

Dakta ne ya fara dariya, irin wadda ke girgiza tumbi, sauran suka kama. Shugaba bai yi ba. Ya ce kada a mayar da shi abin wasa. Hannu a bakin maharba yana nufin mutum, kowa ya sani, kuma hannuwan nan biyu jikin mutum ɗaya suke, tare suka yi horon shekara biyu, abin da ɗaya ya koya ɗayan ya ji. Wasu suka ce haka ne. Wasu suka ce a duba yadda aka rubuta a littafi. Gardama ta kaure, Mai Agogo kuwa bai matsa daga layin harbi ba.

Yaya ne ya buga sandarsa a ƙasa. Ransa a ɓace yake, so yake a gama wannan abin kunya a tafi gida. Ya ce wa Shugaba ya daina ɓata bakinsa a kan hannun banza.

"Wane horo? Wannan hannun bai san komai ba. Shekara arba'in da bakwai ko cokali bai ɗaga ba, ni na tabbatar da haka da kaina."

Mai Agogo ya juya ya dubi yayansa, sannan ya dubi Shugaba.

"Ka ji shaida. Kuma ba nawa ba ne."

Yaya ya buɗe baki, ya gane abin da ya yi, ya rufe. Shugaba ya daɗe yana kallon littafin. Ya juya shafi baya, ya karanta wani layi da yatsa, leɓunansa na motsi, ya dawo. Ya tambayi Dakta ra'ayinsa, Dakta ya ce shi likitan dabbobi ne, ba a tambayarsa shari'a, amma a iya saninsa ba a yi wa saniya allura a rubuta sunan 'yar'uwarta. A ƙarshe Shugaba ya ja tsaki, ya buɗe sabon layi ƙarƙashin tsohon, ya rubuta, yana danna alƙalamin kamar zai huda takardar.

"Bana ba ka shiga daji da baka, ko da gorar ruwa sai na ga dama. Baɗi, sau ɗaya, da wannan hannun. In ka faɗi, Mai Agogo, kada ka zo mini da ƙafa."

Mai Agogo ya ce ya ji. Ya taka zuwa buhun ya fara zare kibiyoyinsa, na ƙasan tukuna. Daga bayansa Yaya na faɗa da wanda ya naɗe masa kujera ba daidai ba, yana tambaya ko akwai mai mayar da shi gida ko kuwa a nan za a bar shi ya kwana. Mai Agogo ya ce yana zuwa. Da ya biyo ta gaban Dakta ya tsaya, ya tambaye shi ko wa ke riƙe da mabuɗin filin ranar Litinin.